Hannun Takwarar Hajiya

Tun a filin jirgin Alƙahira na gane mutanen ƙasar nan ba su san kara ba. Ma'aikacin da ke duba fasfo ya ɗaga na jaririya, ya dubi Hajiya, uwar mijina, wadda ke goye da ita, ya dube ni, sannan ya tambaya da Turanci wace ce uwar yarinyar. Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya da ƙarfi, layi ya tsaya cak a bayanmu.

"Me yake cewa ne, Habiba?" in ji Hajiya.

"Wai… ta waye."

"To ki gaya masa mana! Ko nan za mu wuni?"

Na ɗaga yatsa kamar 'yar aji uku. Bai gamsu ba, ya ce in faɗi sunanta. Yarinyar 'yar fari ce. A gidanmu na Achika mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko nono za ta ba shi sai ta kawar da kai. Ga shi kuma sunan Hajiya aka sa mata, mai sunan tana tsaye a gefena. Na miƙa hannu na nuna masa a jikin fasfo. Ya kira wani, wancan ya kira wata mata, aka kai mu wani ɗaki aka ajiye kusan awa guda ana duban mu kamar mun sato 'yar mutane. Sai da yarinyar ta farka da kuka na ba ta nono a gabansu, sannan matar ta yi tsaki ta buga mana hatimi. Hajiya ta yi ta mita har muka ɗauki kaya, wai ita ta je Makka sau biyu ba a taɓa tsare ta ba.

Kowa Ummi yake ce mata, Hajiya tana ce mata Takwara, ni kuwa "yarinyar" nake cewa. Watanta bakwai a lokacin, kuma ba ta taɓa ɗaga hannunta na dama ba. Yana nan kwance a jikinta, tafin ya juya baya. Hannun nan ne ya kawo mu Masar.

A wani asibitin kuɗi na haife ta, ba zan faɗi sunansa ba tunda magana tana kotu. Naƙuda ta yi tsawo, sai likita ya kawo wani kofi mai tiyo ya manna wa kan jaririyar ya fara ja. Sau biyu kofin yana ɓallewa yana mayarwa. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale. Abin da nake tunawa shi ne wata nas ta haye cikina tana dannawa, shi kuma ya tokare ƙafa a jikin gado yana ja da ƙarfinsa. Bayan kwana biyu aka sallame mu, aka wuce da ni Achika wankan gida wajen mahaifiyata, Inna.

Inna ce mai wanke jariran unguwarmu tun ban san kaina ba. Wankan farko ta ga hannun, ta ce gajiyar haihuwa ce, zai warware. Ta riƙa gasa shi da tsumma mai ɗumi, tana shafa man kaɗe, tana miƙa gaɓoɓi yadda take yi wa kowane jariri. Mai jego ba ta fita, don haka babu wanda ya koma asibiti sai da na yi arba'in na dawo ɗakina a Sabon Garin Wudil. Maigidana ma'aikacin laburare ne a jami'a, shi ma ɗan kunya ne, ranar suna fuska kawai ya leƙa. Ranar da ya ga hannun sosai ko abinci bai ci ba, ya ɗebe mu muka koma asibitin. Suka buɗe fayil suka nuna mana inda aka rubuta cewa an sallami jaririya lafiya lau, tana motsa hannu biyu.

Matar wani abokin aikinsa lauya ce, Barista Hadiza. Ta zo gida ta zaunar da mu, ga maigida, ga Hajiya, ga Inna, ta dube ni ta ce, "Yaushe kika fara lura da hannun?"

Na ce, "Ranar arba'in."

Ta rubuta, daga baya na yi rantsuwa a kai na sa hannu, ta shigar da asibitin ƙara. Amsar asibiti ba ta daɗe ba. Lauyansu ya ce uwar yarinya da bakinta ta ce ba ta ga komai ba sai bayan kwana arba'in, saboda haka tsohuwar ƙauye ce ta murɗe hannun a wajen wanka. Inna ta ce ai tun wankan farko ta gan shi a haka. Aka ce to, ai wankan farkon ne. Tun tana musu har ta fara tambayar kanta ko ita ɗin ce. Matan unguwa suka daina aiko mata. Idan aka miƙa mata jikarta sai ta cusa hannuwa ƙarƙashin hijabi ta ce kafaɗarta na ciwo.

Ƙarya na yi wa Barista. Washegarin haihuwa da safe, Inna ta fita neman ruwan zafi, Hajiya ta tafi alwala, aka bar ni ni kaɗai da jaririya na 'yan mintuna. Na jawo waya na ɗauke ta bidiyo. Na faɗi abubuwan da ba a faɗa, na yi abubuwan da ba a yi. A cikin bidiyon na ɗaga hannun dama ya faɗi, na sake ɗagawa ya sake faɗuwa. Ga zanen gado mai tambarin asibitin, ga zoben kumburi a kanta inda kofi ya kama, kuma Inna ko taɓa ta ba ta yi ba tukuna. Da farko kunya ce ta hana ni magana: in ce na gani, sai a ce ashe duba ta nake yi. Da Barista ta tambaye ni a gaban surukata, bakina ya riga ni. Daga baya kuma tsoro ya shigo. Idan na gani tun ranar farko na yi shiru kwana arba'in, ashe ni na kashe hannun. Na bar Inna da kayan, ina kallo. Sau uku ina sa yatsa zan goge bidiyon ina fasawa.

Likitocin Kano suka yi watanni suna gashin ƙashi, ƙarshe suka ce jijiya ce ta tsinke, sai aiki, kuma kada a bari ta girma. Barista ta rubuto mana sunan wani likita a Alƙahira da lambarsa, ta ce ya iya aikin, kuma rahotonsa kotu za ta saurara. Maigida ya sayar da filinsa na Dagumawa, dangi suka taimaka, abin ya isa kujera biyu. Ni dole, saboda nono. Hajiya kuma ta ce ba wanda zai kai Takwara ƙasar waje sai ita.

Muna fitowa daga filin jirgi muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, mutanen Wudil!" Wallahi sai da na ji hawaye. Wani mutum ne fari mai tumbi, Alhaji Tanko, wanda wani ɗan uwan Hajiya ya haɗa mu da shi ya yi mana tafinta. Shekararsa ashirin a garin, in ji shi. Ya tambayi kasuwar Juma'a, ya tambayi kifin bakin gada, ya ce har mafarkinsa yake yi. A mota ya karɓi fasfo ɗinmu uku, wai za a yi musu rajista. Ya kai mu ɗaki a hawa na shida na wani dogon gini da liftarsa ta mutu. Da Hajiya ta ba shi takardar Barista, ya karanta ya girgiza kai.

"Inna lillahi. Ai wannan bawan Allah ya rasu bara."

"Allah ya jiƙansa," in ji Hajiya. "To yanzu ya za mu yi, Alhaji?"

"Kada ki damu, Hajiyata. Akwai wanda ya fi shi."

Wanda ya fi shi ɗin yana saman wani shagon takalma. Ɗaki biyu ne da gado da wata na'ura mai wayoyi. Kullum da safe sai mu sauko hawa shida mu je can, a manna wa yarinyar wayoyi a kafaɗa, ta yi ta tsala ihu har muryarta ta dushe, a ce mu dawo gobe. In na tambayi maganar aiki, Alhaji ya ce sai jijiya ta yi laushi. In na tambayi fasfo, ya ce ofis ɗin cike yake. Kwana tara muka yi a haka. Ni na san gashin ƙashi, wata huɗu na yi ina kai ta a Kano, kuma na san ba shi muka sayar da fili muka zo nema ba. Amma ba mu da fasfo, ba mu san hanya ba, Larabcin Islamiyyata kuwa in na yi wa mai shago sai ya yi dariya ya ce sadaƙallahul azim.

Garin ba ya shiru. Hon ɗin mota tun asuba, mutane suna hira kamar faɗa. Gurasa da wake, gurasa da wake, har Hajiya ta ce in ta sake ganin wake za ta yi ƙara. Ta kwance ƙullin kuka da daddawa da ta ɓoyo a cikin zannuwa, muka yi miya a ƙaramin risho, muka ci da tuwon garin semo da ya ƙi tuƙuwa. Daga tagarmu ana hango wata gada a can nesa. Nakan tsaya ina kallon ta ina tuna tamu, da masu kwale-kwale, da shanun da ake korowa ranar kasuwa.

Ran nan bayan la'asar na kira Inna. Ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi, ta tambayi Hajiya da ƙafarta. Sai can ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ya jikin 'yar mutane?"

Jikarta ce ta fari take kira 'yar mutane. Na ce da sauƙi. Ta ce, "Habiba, in likitan ya ce ni ce, kada ki ɓoye min. Gara in sani in nemi gafarar Ubangiji tun ina da rai." Wayar da take min magana a ciki ita ce mai bidiyon. Na ce mata kati ya kusa ƙarewa.

Da muka kashe, Hajiya tana ninke kaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baiwar Allah. Ba da gangan ta yi ba. Hannun tsofaffi ne da nauyi." Ba ranar ta fara faɗar haka ba, ta sha faɗin haka a tsakar gida a Wudil, a gaban baƙi.

Rana ta goma Alhaji Tanko ya hawo da kansa yana haki, ya zauna ya rage murya. Ya ce ya ji labarin shari'armu, kuma shi ba ya son ganin 'yan gida cikin wahala. Akwai wanda zai buga mana rahoto da hatimi da sa hannu, a rubuta duk abin da muke so, ko mu ce likitan Najeriya da gatari ya ciro ta. Hajiya ta gyara zama. Na ga abin ya shige ta, don ita ma ta gaji, kuma tana son a hukunta asibitin nan ko ta halin ƙaƙa. Na fita baranda na kira Barista. Ba ta bari na gama ba.

"Kada ku kuskura! Lauyansu waya ɗaya zai buga a gane ta bogi ce. Daga ranar shari'a ta mutu, kuma Innarki ta tabbata mai laifi har abada. Kin ji ni?"

Na dawo na faɗa wa Hajiya. Ta watsa hannu ta ce, "To ke me kike da shi? Ta gaskiya babu, ta ƙarya kin hana. Da me za mu koma?" Na kifa wayar a kan gado.

Matar mai gadin ginin, Ummu Mahmud, ita ce ta fitar da mu. Wata ƙatuwar mata ce mai baƙar doguwar riga, kullum tana bakin ƙofa tana gyaran ganye. Tun zuwanmu ta sa min ido. Ta kasa gane uwar da ba ta ɗaukar 'yarta. Duk sanda muka sauko sai ta tare hanya, ta kwance yarinyar daga bayan Hajiya ta dangwara min a ƙirji, tana surfa min faɗan da ba na ji. Ni kuma da mun sha kwana sai in mayar. Na tsane ta a satin farko, Allah ya yafe min. Ranar nan ta ga idona ya kumbura, ta jawo ni ɗakinsu na ƙarƙashin bene, ta zuba min shayi mai kauri, ta ɗaga hannun yarinyar ta saki. Ta yi ta magana tana nuna titi, wajen mai wayoyi, tana tofar da yawu. Na ciro takardar Barista na nuna mata, na kwantar da kai a tafin hannu alamar mai sunan ya mutu. Ta ƙwala wa mijinta kira. Ya sa tabarau, ya danna lambar a wayarsa, ya yi magana kaɗan, sannan ya miƙo min. Wata mata ta ce da Turanci likita yana ganin marasa lafiya ranar Talata, in kawo fasfon yarinya.

Da na gaya wa Hajiya, sai ta miƙe. Ta ɗaura ɗankwali, ta ja mayafi, ta ce wa Ummu Mahmud da hannu ta kai mu shagon Alhaji. Yana da shagon turare da dogayen riguna inda 'yan Najeriya ke sari, ranar kuwa cike yake da matan Kano da na Zariya. Hajiya ta shimfiɗa mayafinta a bakin ƙofa ta zauna ta miƙe ƙafa, ba shiga ba fita.

"Alhaji Tanko, albishirinka! Mamacin nan da ka sa na yi wa addu'a ya tashi. Talata ma yake ganin mutane."

"Haba Hajiyata, shigo ciki mu yi magana…"

"Ba na shiga. Jama'a, ku dube shi da kyau. Jaririya ya sa ana jona wa lantarki kwana tara don a ba shi lada. Fasfo ɗinmu uku, yanzu, ko in kwana a nan in tashi a nan. Ni 'yar mahauta ce, ban iya jin kunyar kasuwa ba."

Matan suka ajiye kayan da suka zaɓa. Ummu Mahmud ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta tsaya a bayan Hajiya ta riƙe ƙugu tana ƙara nata da Larabci. Ofis ɗin da ya cika ashe aljihun teburinsa ne. Ko minti biyar ba a yi ba ya miƙo su.

Ranar Talata Ummu Mahmud ta bar ganyenta ta raka mu, mota biyu da jirgin ƙasa, tana riƙe da hannun Hajiya a wajen tsallaka titi. Likitan dattijo ne siriri mai furfura, yana Turanci a hankali yadda zan gane. Ya sa aka kwantar da yarinyar, ya kaɗa mata makullai ta dama, ta miƙo hagu. Ya lanƙwasa, ya miƙar, ya duba hotunan da muka zo da su, ya sa aka yi wasu. Bayan azahar ya sake kiran mu. Ya ce jijiyoyi biyu ne suka tsinke a gefen wuya, zai ɗebo wata daga ƙafarta ya haɗa, kuma mun zo a kan lokaci amma da ƙyar. Na fassara wa Hajiya, ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Sai ya jawo takardun shari'a da Barista ta haɗo mana. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Irin wannan rauni a wajen haihuwa aka fi samun sa, zan rubuta haka. Amma fayil ɗinsu ya ce ta fita lafiya, ke ma kin rantse ba ki ga komai ba sai bayan kwana arba'in. Ba zan rubuta cewa ranar haihuwa ya faru ba alhali uwar ta ce ba haka ba. Ba na rubuta abin da ban gani ba." Ya dube ni sosai. "Ke ce uwar? Tun da kuka shigo ba ki kalle ta ba."

"Ni ce."

"Kwana arba'in kina ba ta nono, ba ki ga hannu ba ya motsi ba?"

"Me yake cewa?" in ji Hajiya.

Na ga ya ɗauki biro zai fara rubutu, na san abin da ya rubuta shi za a karanta a kotu, shi za a kai wa Inna har Achika. Da Turanci zan iya gaya masa komai Hajiya ba ta ji ba, har na buɗe baki. Amma ya riga ya ce ba ya rubuta abin da bai gani ba. Na ciro waya, na nemo bidiyon a inda na binne shi, na ajiye a kan teburinsa. Na so in rage sauti, yatsana ya kasa samun wurin.

Muryata ta cika ɗakin, da Hausa, kuma mutum ɗaya ce a wurin take jin Hausa ban da ni.

"'Yata. 'Yata ni kaɗai. Ke ce kika ba ni wahala haka? Kalli hanci, na Inna sak. Kawo ƙafar nan in cinye." Ga ƙarar sumba, ɗaya, biyu, uku. Sai muryar ta canza. "Kai, me ya sami hannun nan? Ɗaga mana. Ɗaga wa Mama." Sai takun takalmi, hoto ya yanke.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Likita ya mayar da shi baya, ya tsayar a kan tambarin zanen gado, ya tsayar a kan kumburin kai, ya duba kwanan wata da wayar ta ajiye. Ya ce in fassara masa maganar ƙarshe, na fassara. Ya kira nas ta kwafe bidiyon. Ya ce, "Wannan kafin a kai ta gida ne. Yanzu na gani." Ya tambaye ni me ya sa na ɓoye, na rasa Turancin da zan faɗa masa. Ni kuma na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya hana ni barci wata bakwai: da na yi magana ranar, da hannun ya tashi? Ya ce a'a. Jijiyar ta tsinke tun a ɗakin haihuwa, ko ranar aka kawo ta sai an jira watanni kafin a yi aiki. Na ɗauka zan ji sanyi. Sai na ji abin ya fi da ciwo, don ashe abin da na ji tsoro babu shi, a banza Inna ta sha abin da ta sha.

Da muka fito muka zauna a benci, Hajiya ta juyo ta dube ni.

"Sau nawa na ce hannun tsofaffi da nauyi? A tsakar gidana, a gaban mutane?"

"Da yawa, Hajiya."

"Kina ji."

"Ina ji."

"Kika bar ni na ɗauki alhakin baiwar Allah." Ta kwance goyo, ta ɗora min yarinyar a cinya. "Karɓi 'yarki. Ai na ji kin iya. Kunyar da za ta sa a tozarta uwarki, ni ban aiko ki ba."

Kwana biyu ba ta yi min magana ba sai ta dole. Daga ranar ni nake goyo, Ummu Mahmud ta gan mu ta rangaɗa guɗa a bakin ƙofa ba ta san me ya faru ba. Ranar aiki, awa biyar muna zaune a baranda, can sai na ji Hajiya ta kamo yatsuna ta damƙe, tana jan carbi da ɗaya hannun. Aka fito da ita an naɗe hannun a ƙirji. Likita ya ce kada mu sa ran motsi sai bayan watanni, kuma ba lallai ya zama kamar na hagu ba. Muka ƙara sati huɗu kafin ya sallame mu da rahoto a ambulan.

Barista ta yi min faɗa kamar ta cinye ni, ta ce sai na sake rantsuwa, kuma lauyansu zai kira ni maƙaryaciya a gaban alƙali. Ya kuwa kira, na amsa, don gaskiya ya faɗa. An kunna bidiyon nan a kotu, maza cike, maigidana yana kallon ƙasa. Har yau ba a gama shari'ar ba, amma tun ranar ba wanda ya sake ambaton tsohuwar ƙauye.

Wannan duk daga baya ne. Ranar da muka sauka Kano, Hajiya ta ce wa maigida kada ya tsaya a Sabon Gari. Muka haye gada, muka wuce ta gaban gidanmu, muka miƙe Achika da kayanmu a but. Mun tarar da Inna a gindin bishiyar tsakar gida tana tsince wake. Da ta ga goyo a bayana, ta ajiye faranti ta mayar da hannuwa cikin hijabi.

Hajiya, da ƙafarta mai ciwo, ta durƙusa a gaban Inna. "Yaya Asabe, ki yafe min. Na yi miki ƙazafi."

Inna ta rikice tana cewa ta tashi, me ya yi zafi. Na durƙusa kusa da ita na kunna wayar na riƙe mata. Ta kalla har ƙarshe. Ta ce in sake. Ta matso da fuska tana duban zanen gadon.

"Wannan ina nake?"

"Kin je neman ruwan zafi."

"Ban taɓa ta ba ke nan."

"Ba ki taɓa ta ba, Inna."

"Kuma tun ranar yana cikin wayar nan? Har ranar da na kira ki na ce kada ki ɓoye min?"

Na ce eh. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta mare ni. Ta daɗe tana kallon farantin wake. Kaji suka zo suna ci, ba wanda ya kore su.

"Ni na koya miki kawar da kai," ta ce. "Ban ce ki kawar da shi daga kaina ba, Habiba."

Na kifa fuska a gwiwarta ina kuka, 'yata ta tsorata ta fara nata a bayana. Inna ba ta dafa ni ba. Can na ji motsi, na ji ana kwance min zanen goyo. Ta fito da hannuwan nan biyu daga cikin hijabi, ta ɗauke ta ta kwantar a cinya. Ta buɗe rigar, ta bi tabon wuya da ido, ta bi na ƙafa.

"Duk ƙurar ƙasar mutane ce a jikinta. Nuna min inda likitan ya ce ba a ja."

Na nuna mata.

"Ɗora min ruwa."

Ba ta ce ta yafe ba ranar. Na tashi na ɗora ruwan.